Ranar da Sifirin ɗin Motar Ƙwai Ya Ɓace

Da gari ya waye aka tarar da motar Inna Mai Ƙwai yadda aka bar ta jiya: gabanta a ɗage kan kututtukan katako, tayoyin gaba a jingine da bango. Abin da ba a tarar ba shi ne sababbin sifirin guda biyu, ƙarafan nan masu falle-falle da ke ɗauke nauyin mota, waɗanda Bakanike ya kwantar a ƙarƙashinta, da niyyar ɗaurawa da safe.

Tsohuwar akori-kura ce, ta marigayi mijinta. Sifirin ɗinta na gaba sun daɗe da mutuwa, fallayen ƙarfen sun miƙe sun daina lanƙwasa, duk ramin da ta faɗa sai ƙwai sun ji a jikinsu. Inna ta gaji da wanke bayan mota da ƙarnin fasasshen ƙwai, ta sayo sababbi masu taushi ta kawo wa Bakanike, wanda shi ne kuma shugaban filin garejin.

Kafin rana ta ɗaga, filin duka ya gama yanke wa kansa ɓarawo. An ga Maƙeri da sassafe yana saran fallen sifirin a rumfarsa da ke can ƙarshe, jikin katanga. Bara aka ba shi gurbin nan don ya riƙa miƙe musu ƙarfe, har yanzu baƙo ake ganinsa. Kowa kuma ya san babu ƙarfen da maƙeri ke kwaɗayi kamar na sifirin, don shi ke ba da wuƙa mai kaifi.

Bakanike ya tsaya a bakin rumfar ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kafin rana ta faɗi, ko ka fito da kayan mutane, ko ka kwashe komatsanka ka bar mana fili."

Inna ta ce, "To in ka kore shi, korar ce za ta ɗaura mini mota? A kira mini Baba Mai Sawu."

*

Baba Mai Sawu tsoho ne siriri, ba ya rabo da sanda. Da can masu dabbobi ke nemansa in an kora musu wani abu. Yanzu idonsa ya rage ganin nesa, amma na ƙasa yana nan. Ya zo ya tsaya gaban motar, ya daɗe yana duban ƙasa.

"Wa ya fara takowa nan?"

Aka ce, "Kowa ma, Baba."

"Na gani. Har mai shayi ya bar mini nasa."

Ya ja benci ya zauna, ya ce Bakanike ya faɗa masa kamannin abin da ya ɓace, kamar yadda ake faɗar kamannin saniya.

Bakanike yana magana yana kai da komo. "Baƙaƙe ne, fentin kamfani, falle biyar-biyar. Kowane na ɗiga masa farin fenti a kai ɗaya."

"Don a san naka ne?"

"A'a, don a san gaba. Ka ga ƙusar da ke riƙe fallayen ba a tsakiya sosai take ba. Ɓangare ɗaya ya ɗan fi gajarta, shi ke duban gaba. Ido ba ya saurin kamawa, shi ya sa nake sa alama tun da rana."

A ƙarshen bencin akwai wani saurayi da ake kira Ba-Birki, ƙanin matar Bakanike. Direba ne, yana jan akori-kurar wani mai gidan bulo, in babu lodi a bencin nan yake yini. Yau a ƙafa ya shigo, ya ce motar tana can ana loda mata. Ƙafarsa sai kaɗawa take.

Ya ce, "Yaya, ni da za ka ji tawa, da an bar bawan Allahn nan. Ƙila ma ba shi ba ne."

"Da ina jin taka, da tuni ni da yayarka muna kwana a tasha. Tashi ka tafi wajen lodinka."

Aka yi dariya. Ba-Birki ma ya yi, ya miƙe ya fita.

*

Maƙeri yana zaune kan kututture, wutarsa tana ci ita kaɗai. Baba ya yi sallama, ya tsuguna gefen guntayen ƙarfen da ke zube, ya ɗauki ɗaya ya juya. Tsatsa ce har cikin tsaga.

Maƙeri ya ce, "Tsohon ne, Baba. Wanda aka kwance jiya. Inna ta ce nawa ne."

Inna, wadda ta biyo bayan Baba, ta riƙe ƙugu. "Na ce naka ne in an ɗaura sababbi! Yanzu ka sare ɗaya, ko tsohon ba ni da shi da zan mayar. Ga ƙwai can jibge a ɗaki, zafi yana dafa mini su ɗaya bayan ɗaya."

"Wannan kam na yi gaggawa, Inna. Ki yi haƙuri."

Baba ya jira har ta gama faɗa ta juya ta tafi. Can Maƙeri ya ce, "An birkice mini rumfa, har buhun gawayi an zazzage. Ba su ga kome ba, sai suka ce na riga na kai gida. Baba, korar ba ta kai sunan ciwo ba. Direbobi sun fi rediyo kai labari. In na fita daga nan da sunan ɓarawo, wane fili zai ba ni inuwa?"

"Da ka zo da safe, tsofaffin suna ina?"

"Gefen mota, a fili."

"Sababbin fa?"

"Ban leƙa ƙarƙashi ba. Ba nawa ba ne, me zan leƙa?"

*

Maigadi ya rantse ya maimaita cewa bai runtsa ba. Baba ya zauna kusa da shi a bakin ƙofa, bai musa masa ba, bai kuma tashi ba. Maigadi ya ba da labarin sauro, ya ba da labarin tocilarsa da ba ta da batir, ya yi tsaki, ya gyara hula. Daga ƙarshe ya sassauta murya.

"Na ɗan leƙa gida. Yarinyata ce ba lafiya. Amma na kulle ƙofa da kwaɗo, wallahi. Don Allah kada shugaba ya ji."

"Ba kai aka ce in bi ba. Wa ka gani da ka dawo?"

"Mai sayen tsofaffin ƙarafan nan. Ya wuce yana tura kurarsa ta bayan katanga, an rufa mata buhu."

Baba ya zaga bayan katangar. Daidai rumfar Maƙeri akwai wurin da bulo biyu suka faɗi, mutum zai iya miƙa kaya ta nan. A ƙasa ya ga inda aka kwantar da abubuwa biyu masu nauyi, kowane ya bar shatar baka a cikin yashi. Kusa da su ga sawun mota ta tsaya ta kuma tashi, layi biyu sambal har bakin kwalta. Tayoyin sun suɗe, irin na kowace mota a filin. Ga kuma sawun kura ya gitta ta kai.

A gindin wata ciyawa ya ga tsumma. Ya ɗaga da bakin sanda ya shinshina: fetur. Ya buɗe shi, ga farin fenti ya damalmale a ciki. Ya naɗe ya sa aljihu.

Sawun kura ya bi, don shi ne ke da inda za shi. Ya kai shi lungu-lungu, ta bayan masu wanki, ta gefen kwata, rana tana dukan ƙeyarsa, har wani kango cike da gwangwani da matattun injuna. Mai kurar yana zaune yana cin rake. Da ya ji abin da ake nema sai ya tuntsire da dariya.

"Sabon sifirin? Baba, ni a kan sikeli nake saye. Wane mahaukaci zai kawo mini sabon abu in auna masa kamar ƙashi? Duba, ga kurar can, ko sauke ta ban yi ba."

Baba ya ɗaga buhun. Tsohon murhu ne da ƙafafun gado.

Ya kamo hanyar komawa, yana sauri yana tsayawa, ransa ba daɗi. Rabin yini ya tafi a sawun banza.

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya iso. Daga bakin ƙofa ya hango Maƙeri ya kashe wuta, yana ɗaure zugazugi da igiya. Masu faci da masu fenti suna aiki suna satar kallonsa. Inna ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Motocin da suka fita lodi da safe duk sun dawo sun jeru a ciki.

Mai shayi ya yayyafa ruwa a hanyar shiga don ƙura, ƙasar ta yi laushi. Baba ya ɗaga ƙafa zai taka, sai ya fasa.

Hanyar miƙaƙƙiya ce, babu kwana. Mota in tana tafiya sambal, tayar baya kan sawun ta gaba take hawa, layi biyu take bari. Sawun da ke gabansa duk haka suke, ban da ɗaya. Wannan layi huɗu ne: na baya sun goce gefe kamar faɗin tafin hannu, sun bi na gaba kafaɗa da kafaɗa har cikin fili, inda ƙafafun mutane suka tattake su.

Ya tsuguna ya daɗe. Sannan ya aika a kira masa Bakanike.

"Me ke sa mota ta yi tafiyar kare? Ka san yadda kare ke sassarfa, gindi a gefe."

Bakanike ya duba ba da son ransa ba. "Abubuwa da yawa. Ko ta taɓa yin haɗari ƙashinta ya karkace. Ko ƙarfen da ya haɗa tayoyin bai zauna daidai ba, ɓangare ɗaya ya ja baya."

"Akwai mai karkataccen ƙashi a filin nan?"

"Babu. Duk ta hannuna suke bi."

"To me zai sa ƙarfen ya ja baya yau, alhali jiya lafiya?"

Bakanike ya tsuguna gefen sawun. Baba ya ciro tsumman ya miƙa masa. Bakanike ya shinshina, ya dubi farin fentin, ya dubi sawun.

A hankali ya ce, "Ya goge alamata."

"Ya ɗauka ta mai kaya ce."

"Ya ɗaura ɗaya a juye." Bakanike ya share goshi da bayan hannu. "Wanda ya iya aikin ba zai yi haka ba. Wannan ya dai sha kallo."

Baba ya ce, "Motoci nawa ne a nan da sifirin ɗin zai shiga?"

"Ban da ta Inna, uku."

Bai faɗi masu su ba, Baba kuma bai tambaya ba.

*

Aka share tsakiyar fili da tsintsiya, aka yayyafa ruwa. Mutane suka ajiye aiki suka kewaye wurin. Maigadi ya rufe ƙofa. Maƙeri bai matso ba, yana tsaye bakin rumfarsa da igiya a hannu.

Baba ya ce, "Ba na tuhumar kowa. Kowane ya ja motarsa daga nan zuwa gindin bangon can, sambal, a hankali."

Na farko wani dattijo ne mai ɗaukar itace. Ya ce shi da ya yi jika a hanya yau ake gwada masa tuƙi, ya shiga yana mita, ya wuce. Layi biyu. Aka sake sharewa. Na biyu mai jigilar ruwan leda ne, ya wuce yana ɗaga wa mutane hannu kamar ango. Layi biyu.

Saura motar bulo. Ba-Birki yana jingine da ita yana lalube aljihu.

"Yaya, makullin nan kamar na bar shi wajen mai shayi."

Mai shayi ya ce, "Kofi ka bari, shi ma ba ka wanke ba."

Wasu suka yi dariya, ta mutu da wuri. Bakanike ya ce, "Yana jikin mota. Daga nan ina ganinsa."

"Batir ɗin kuma tun ɗazu yake..."

"Sai a tura ka. Shiga."

Ya shiga. Motar ta tashi bugu ɗaya. Ta taho a hankali, duk wanda ke kusa ya ga sitiyarin a karkace yake a hannunsa, yana riƙe da shi kamar mai kokawa da rago. Da ta kai bango ta tsaya, babu wanda ya dubi motar. Ƙasa kowa ke kallo. Layi huɗu ne, a kwance a kan ɗanyar ƙasa.

Bakanike bai nemi tabarma ba, ya kwanta da rigarsa ya shige ƙarƙashi. Sifirin ɗin sun sha baƙin mai da laka, kamar sun shekara a wurin. Ya goga babban yatsa a falle ɗaya, sabon fenti ya fito yana sheƙi. Ya auna da taƙi daga ƙusa zuwa kai, hagu da dama. Na hagu daidai. Na dama dogon ɓangaren ne a gaba.

Ya fito ya zauna a ƙasa, bai miƙe ba.

"Sauko."

Ba-Birki ya sauko, ya tsaya nesa kaɗan.

"Da jak ɗin wa?"

"Na gidan bulo."

"Sifana fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Taka, Yaya. Na mayar da ita akwati da safe."

Inna ta tafa hannu. "Kai! Kai da nake ba ka fasassun ƙwai kyauta kana kai wa uwarka?"

"Inna, wallahi aro na yi niyya. Babban fallen nawa ne ya karye, na yi wani lodin gefe da mai mota bai sani ba, na zuba mata fiye da ƙima. Da roba na ɗaure nake lallaɓawa. In ya gani, makulli zai karɓe. Na ce in ɗaura waɗannan ya duba motar ya wuce, daga baya in san dabara." Ya dubi wajen rumfa, ya kau da kai. "Ban zaci za a ce shi ba ne. Na ma ce a bar shi. Yaya, ai ka ji na ce a bar shi."



Bakanike ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "Kawo jak. Da hannunka ka ɗaura, da hannunka za ka kwance, a gaban kowa. Sauran magana kuma gaban mai mota, sannan gaban yayarka. Ban san wanda za ka fi jin tsoro ba."

*

Kwancewar ba ta zo da sauƙi ba. Lanƙwasassun ƙarafan da ke ɗaure sifirin da ƙarfen tayoyi, su ma na motar Inna ne Ba-Birki ya kwaso, ya ɗora musu noti a karkace, ya kuma danne da ƙarfi har zaren ya cinye. Ya ja, ya yi gumi, sifana tana zamewa tana fasa masa yatsu. Bakanike ya ture shi ya gwada da kansa, ya sa dogon bututu ya taka da ƙafa. Ko motsi.

Mai faci ya ce, "Sai dai a sare su."

Inna ta ce, "A sare, a ɗaura mini da me? Da zare?"

Shagunan kayan mota suna can cikin gari, kafin a kai sun rufe. Akwai sandar ƙarfe mai zare a akwatin Bakanike, amma a miƙe take, sai an gasa ta an lanƙwasa daidai faɗin falle. Kowa ya san wannan, kowa kuma ya san inda ake gasa ƙarfe a filin. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suka dubi rumfar ƙarshe.

Maƙeri ya gama ɗaure kayansa. Zugazugi, masaba da awartaki suna cikin buhu, ya tsayar da mai baro yana jira a bakin rumfa.

Bakanike ya ɗauki sandar ƙarfen. Ya dubi Baba Mai Sawu kamar mai neman a raka shi. Baba yana zaune kan benci yana cire ƙaya daga takalminsa, bai ɗago ba. Bakanike ya taka shi kaɗai, filin ya yi tsit har ana jin takunsa.

Ya tsaya inda ya tsaya da safe. Ya yi gyaran murya, ya miƙa sandar.

"Malam, a taimaka a hura wuta. Guda huɗu muke so."

Maƙeri bai karɓa ba. "Da safe daga bakin ƙofa ana jin muryarka, shugaba. Yanzu ni da ke gabanka da ƙyar nake ji."

Bakanike ya sauke sandar. Ya juya ya fuskanci filin, masu faci da masu fenti da direbobi, da ƙanin matarsa da ke tsugune gefen taya.

"Jama'a, mutumin nan bai ɗauki kome ba. Ni na ce ya ɗauka, ban gani ba na faɗa. Ɓarawon daga gidana ya fito. Duk wanda ya kai waccan maganar wani wuri, ya koma ya kai wannan."

Ya juyo ya sake miƙa sandar. Maƙeri ya dube ta, ya dubi buhun kayansa.

"Wutar ta yau kaɗai ce, ko ta kullum?"

"Ta kullum."

Maƙeri ya karɓi sandar, ya gwada nauyinta a hannu. Ya sallami mai baro, ya tsuguna ya fara kwance igiyar.

Ya ce, "Gawayin da kuka zazzage mini yana nan a ƙasa. Wani ya tattaro."

Bakanike ya duba hagu da dama, bai kira kowa ba. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya fara tsincewa.